Wutar Daji a Ƙasar Katsina da Dokar da Ba Ta San Lokaci Ba

Shekarar da damina ta yi albarka ita ce shekarar da ya kamata mutanen karkara su fi jin tsoron wutar daji. Wuta ba ta cin rairayi. In ruwa ya yi ƙaranci, ciyawa kan fito tsilli-tsilli, dabbobi su lashe ta tun kafin kaka ta ƙare, ko an yar da ashana babu abin kamawa. In kuwa sama ta yi ta zuba tun daga Yuni har ƙarshen Satumba, gamba ta kai tsayin mutum, kyasuwa da ƙarangiya suka rufe ko'ina, to an tara wa wuta abinci. Saura iska da wanda zai ƙyasta.

Iskar kuwa ba ta saɓa alkawari. Daga wajen Nuwamba hunturu ke tasowa daga arewa maso gabas, ya ratso Sahara, ya biyo ta Damagaram da Maraɗi, ya shigo mana ta Ɓaure da Zango da Mai'aduwa da Jibiya. Laimar da ke cikin iska, wadda a watan Agusta kan haura kashi 70 cikin 100, sai ta faɗo ƙasa da kashi 20 da tsakar rana. Abin da ke tsaga mana leɓe da diddige shi ne ke tsotse ciyawa. Kututturen icce yana ɗaukar makonni kafin ya bushe, amma siririyar ciyawa cikin awa guda take bin yanayin da ta samu kanta. Shi ya sa busasshiyar ciyawar da ta ƙi kamawa da sanyin asuba, in azahar ta yi tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Masu kashe gobarar daji a Kanada suna da wani lissafi mai sauƙin riƙewa: in zafi ya haura digiri 30, laima ta gaza kashi 30, iska kuma ta wuce gudun kilomita 30 a awa, to ranar ta wuta ce. A ƙasar Katsina, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, biyun farko kusan kullum suna nan. Ta ukun kaɗai ake jira.

Ba mu da irin dazuzzukan da ake nunowa a talabijin suna ci har sama ta yi ja. Nahiyar Afirka ce ke da kusan kashi 70 cikin 100 na duk filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara, kamar yadda hotunan tauraron ɗan'adam ke nunawa, amma galibin wannan yana kudu da mu ne, inda ciyawa ta fi tsawo da kauri. Ƙasarmu gonaki sun cinye mafi yawanta. Wutarmu ƙarama ce a taswira, sai dai a aljihu take ci. Dammai na gero da dawa da aka bari a gona ana jiran amalanke, harawar da aka ɗora kan gawo ko kan ɗaki, karan da aka jingina don darni da girki, rumbun da ke bakin gari, shingen zana da ke haɗa gida da gida. Harawa a yau kuɗi ce. Duk mai turke ragunan layya ya san yadda farashinta ke tashi in bazara ta matso, kuma duk wanda ya taɓa shiga karar Mai'aduwa ko ta Caranci ya san yawan bakunan da ke jiran wannan abinci.

Asarar da ba a cika ƙidayawa ba ita ce ta makiyaya. Filin kiwon da ya ƙone a Disamba ya ƙone ke nan har Yuni. Shanun da za su yi wata uku a wurin dole su tashi, kuma ba sama za su tashi ba. Ko su gangara kudu kafin lokaci, ko su karkata wajen fadama da lambu da gonakin rogo da waken da ba a gama kwashewa ba. Rigima da yawa da ake kai wa gaban dagaci da sunan ɓarnar shanu, in aka bi sawunta baya, a wani toyi da aka yi makonni kafin nan za a tsaya, wanda ba makiyayin ne ya yi ba, ba kuma mai gonar ba.

To wa ke kunnawa? Babu tsawa a hunturu, don haka ba daga sama take faɗowa ba. Mafarauta kan sa wa daji wuta don gafiya da zomo da burgu su fito fili. Mai cin zuma ya hau da bakin wuta ya kori ƙudan, ya sauko da saƙarsa, ya jefar da ragowar. Masu gawayi su tone rami su kwashe, su bar garwashi a ƙarƙashin toka. Yara su gasa gyaɗa a gefen gona. Direba ya wurgo guntun sigari ta taga. Waɗannan duk sakaci ne ko kwaɗayi, kuma ba su da wuyar hukunci in an kama.

Masu wuyar su ne waɗanda ke da hujja. Makiyayi ya ce yana ƙona tsohuwar ciyawa ne don sabon toho ya fito wa shanu. Gaskiyarsa ce a wani wuri, kuskure ne a wani. Gamba tana da saiwa mai rai a ƙasa shekara da shekaru, in aka ƙone kanta alhali akwai sauran danshi, za ta tofo. Ƙarangiya da kyasuwa kuwa 'yan shekara ɗaya ne, daga iri suke fitowa duk damina. In ka ƙone su ba abin da zai tofo, har irin da ya zube a ƙasa wani ya tafi. Dabarar da ke aiki a dajin Faskari asara ce tsagwaronta a ƙasar Sandamu.

Shi ma manomi yana da tasa. In bazara ta yi ya tattara shara da tushiya da ƙaya ya cinna musu wuta, ya ce toka taki ce, kuma wuta na kashe ƙwari da irin ciyawa. A toka akwai abin amfani, ba musu, sinadarin da ke sa ruwan toka ya yi kaifi a miya shuka ma na son sa. Amma sinadarin naitirojin, wanda shi ne muke sayen buhun yuriya da tsada saboda shi, hayaƙi yake bi ya tafi. Ganye da karan da gara za ta ja cikin ƙasa su ruɓe su riƙe ruwa, su ma sun tafi. Tokar da ta rage, iskar farkon damina ba ta bari ta kwana a gonar mai ita. A jigawar Daura, inda ƙasar ma da kyar take riƙe da kanta, gonar da aka share tas aka ƙone ita ce wadda rairayi ke binne shukarta.

Doka akwai ta. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2011 kan ƙona daji da kunna wuta a fili, waɗanda suka ce sai da izini. Duk shekara kuma in sanyi ya shigo za ka ji sanarwa a rediyo, daga gwamnati ko daga fada, cewa a guji ƙona daji. Tambayi kowane manomi a Dutsi ko Mashi inda ake karɓar wannan izinin, ka ga irin kallon da zai yi maka. Matsalar irin wannan hani ita ce bai san wata ba, bai san rana ba, bai san awa ba. Ya haɗa mai ƙona tarin ƙaya da asuba a watan Mayu, a tsakiyar gonar da babu ko tsinke kewaye da ita, da mai cinna wa gandun daji wuta da azahar a Janairu don gafiya uku. Dokar da ta mai da kowa mai laifi, ba wanda ke jin kunyar karya ta.

A nan ne tsarin wasu ƙasashe masu busasshen daji ya cancanci a duba shi. A jihohin Arizona da Niyu Meziko na Amurka, lokacin wutarsu Mayu da Yuni ne, kuma kamar mu, ruwan sama suke jira ya kashe musu ita, wanda kan sauka a Yuli. Hukumomin da ke kula da dazuzzukan gwamnati ba sa cewa an hana wuta har abada. Mataki-mataki suke bi, gwargwadon bushewar ciyawa da itace. A matakin farko, ba a hura wuta sai a wuraren da aka tanada masu murhun ƙarfe, mai shan sigari kuma sai a cikin mota ko ɗaki, ko a wurin da aka share faɗin ƙafa uku babu abin kamawa. A mataki na biyu an hana wutar itace da ta gawayi gaba ɗaya, sai risho mai gas wanda ake iya kashewa nan take, an hana walda, an kuma taƙaita awannin aiki da injin yankan itace. In abin ya ƙazanta sai a rufe dajin, ba shiga ba fita. Ruwa na sauka a janye. Ban da wannan, hukumar yanayinsu na fitar da gargaɗi na musamman a ranar da iska da bushewa suka haɗu. A Ostireliya ma haka ne: ana ayyana rana guda, a yanki kaza, a ce yau ko ashana ba a ƙyastawa a waje, kuma tarar mai nauyi ce. A Kalifoniya har wutar lantarki kamfani kan ɗauke da gangan a ranar iska, abin da ya ƙaru bayan da layin wutar kamfanin PG&E ya tayar da gobarar da ta cinye garin Faradais a Nuwamban 2018, mutum 85 suka rasu. Mu dai wannan matakin ba sai an sanar da mu ba, mun riga mun saba.

Ba hikima ce ta kai su nan ba, wuya ce. A 1910 wata gobara ta cinye eka miliyan 3 a jihohin Aidaho da Montana, ta kashe mutum fiye da 80. Daga nan hukumar dazuzzukan Amurka ta ɗauki wuta abokiyar gaba, har a 1935 ta kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe. Sun yi nasara shekaru da dama, nasarar ce kuma ta zame musu bala'i. Dazuzzukan da a da ƙaramar wuta ke sharewa lokaci-lokaci suka cika da matattun rassa da ƙananan itatuwa, in ta kama sai ta hau har ƙololuwa. Yanzu da kansu suke kunna wuta a lokacin sanyi don rage kayan. Wannan ma ba wasa ba ne: gobara mafi girma a tarihin Niyu Meziko, wadda ta ci eka fiye da 340,000 a 2022, daga irin wannan wutar ta hukuma ta kuɓuce.

A Afirka ta Yamma an yi wannan gwaji tun kafin su farga. A 1936 wani masanin daji Bafaranshe, Aubréville, ya keɓe filaye uku a Kokondekro kusa da Buwake a Kwaddibuwa. Ɗaya aka hana masa wuta sam, ɗaya ake ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani. Bayan shekaru masu yawa, wanda aka tsare ya zama kurmi, na farkon rani ya riƙe itatuwansa da dama, na ƙarshen rani kuwa ya koma ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu taurin kai. Wuta ɗaya ce, wata ne ya bambanta. A farkon rani ciyawa na da sauran ɗanye, wutar na tafiya a hankali, tana tsallake wurare, dare na yi ta mutu da kanta, kuma inda ta bi ya zama katanga ga wutar da za ta zo daga baya. Mutanen asali na arewacin Ostireliya da wannan dabarar suke rayuwa tun kakanni, kuma tun wajen 2006 aka dawo da ita a yankin Arnhem a hukumance, har ana biyan su.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to a fara toyi a Nuwamba daga Funtuwa har Kwangwalam. Jihar Katsina doguwa ce. Kudancinta, wajen Funtuwa da Ɗandume da Sabuwa, kan samu ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara. Arewacinta, Katsina da Daura, bai cika wuce 600 zuwa 700 ba. A kudu, inda gamba ke yin dogon da shanu ba sa iya cinyewa, ƙonawar farkon rani a gefen gandun daji tana da ma'ana, in masu sani ne suka yi ta da yamma, iska a kwance. A arewa kowane tsinke abincin dabba ne ko rufin ƙasa, babu rarar da za a ba wuta. A ganina jiha ɗaya ce mai buƙatar ƙa'ida biyu, kuma duk sanarwar da aka karanta iri ɗaya ga Bakori da Ɓaure, ɗayansu an zalunce shi.

Abin da ya dace da arewa yana nan tsallaken iyaka. A Jamhuriyar Nijar, da zarar damina ta ɗauke, ana fitar da mutanen karkara su share dogayen layuka a filayen kiwo na jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, a biya su ladan aikin. Aikin ba na injiniya ba ne. A ja layi a gicciye da hanyar iska, faɗinsa kamar mita 15 zuwa 20, a bi shi da hauya da manjagara, wani wurin a ɗaura wa shanu ko jaki reshen ƙaya su ja, har sai ƙasa ta fito fes. Ciyawar da aka kwashe ba a zubar da ita, a ɗaure a kai gida, ta zama abincin dabbobi ko ta sayarwa. In wuta ta taso ta iso layin sai ta rasa abin ci, ko aƙalla ta rage gudu har mutane su cim mata. Wanda ya taɓa kashe wutar ciyawa ya san darajar wannan. Ba a tarar ta gaba da gaba, hayaƙi da zafi ba za su bar ka ba. Ta gefe ake bin ta, kowa da ɗanyen reshen sabara ko na bedi, ana bugawa ana sharo garwashin zuwa cikin inda ya riga ya ƙone, wasu na biye da kwanon ƙasa suna binne kututturan da ke hayaƙi. Kashin shanu busasshe shi ne maƙetaci, yana iya riƙe wuta a cikinsa har kowa ya watse, iska ta mirgina shi cikin ciyawa. 'Yan kwana-kwana suna birni, kuma ko sun taso, motar ruwa ba ta bin burtali.

Irin wannan layi ne ya kamata ya kewaye duk wani dashe. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Dashen itace a Agusta yana da daɗin hoto. Amma ɗan bedi ko bagaruwa mai shekara biyu, wanda aka yi wa shinge aka hana dabbobi shiga, yana tsaye ne a tsakiyar ciyawar da ba a taɓa ba. Shingen da ya tsare shi daga akuya shi ne ya tara masa makamashi.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna, kuma sai na sake ratsawa ta Amurka kafin in faɗe shi. Hamadar Sonora da ke Arizona a da ba ta san gobara ba, don tsirranta a warwatse suke, tsakaninsu ƙasa ce tsirara. Tun wajen shekarun 1930 aka shigo da wata ciyawa daga Afirka don kiwon shanu, 'yar'uwar ƙarangiyarmu ce ta jini. Ta bazu ta cike guraben, yanzu wuta na samun hanya, tana kashe manyan tsirran hamadar da ba su da jurewarta. A tsibirin Mawi na Hawai ma, gonakin rake da aka daina nomawa ne ciyayin waje suka mamaye, su ne suka kai wuta cikin garin Lahaina a Agustan 2023, mutum kusan 100 suka mutu. Ƙasar da aka daina nomawa aka daina kiwo ba ta zama fanko, ciyawa ke gaje ta. Yanzu a dubi yammacin jiharmu, Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, gefen dajin Rugu, inda rashin tsaro ya sa aka bar gonaki da yawa shekara da shekaru. Gona a da ita ce katangar gari daga wutar daji, don bayan girbi babu abin ci a cikinta. In ta koma saura, katangar ta faɗi. Malamin daji ba ya shiga, mai unguwa wani wurin shi ma yana gudun hijira.

A inda ake zaune lafiya kuwa, abin da ake buƙata ba sabuwar doka daga Abuja ba ce. In wuta ta ci harawar wani aka je gaban dagaci, maganar ba ta canzawa. "Ranka ya daɗe, ni sharar gonata na ƙona, iska ce ta juya." Dattawa su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, gobara daga kogi maganinta Allah. Mai harawa ya koma gida da haƙurinsa, ya sayar da tumakin da ba zai iya ciyarwa ba. Alhali littafin da malamanmu ke karantarwa a zaure ya riga ya yanke wannan. Muhtasar na Shehu Halil, wanda aka rubuta a Masar tun ƙarni na 14, ya lissafa mai hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin waɗanda ke biyan abin da ya salwanta. Ba a ce duk mai hura wuta ba, an ce a ranar iska. Sharaɗin da Arizona ke bugawa a allon bakin daji shi ne wannan.

Saura a san wace rana ce ranar iska, kuma wannan ba gaibu ba ne yanzu. Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen iska da ƙura, gidajen rediyon jihar na kai wa kowane ƙauye, kowane gari na da mai shela da lasifikar masallaci. Hakimi na iya zama da dagatai da arɗo da sarkin noma da sarkin dawa tun watan Oktoba, a sa ranar share layi, a sa watannin da ba a toyi ko farauta da wuta, a ce sharar gona sai an shaida wa maƙwabcin gona da mai unguwa, a ƙona ta da sassafe ko bayan la'asar, mai ita na tsaye har ta mutu. Wanda ya bi wannan wuta ta kuɓuce masa, a sassauta. Wanda ya ƙi, a ƙiyasta harawar da farashin bazara, ba na kaka ba, ya biya.